Rangwamen Haji Kamarudin

Dokar da ta ƙayyade kuɗin hayar tsofaffin gidaje ta daina aiki a George Town, birnin da ke kan wani tsibiri a ƙasar Malay, ranar ɗaya ga Janairun shekarar 2000, bayan ta yi shekara talatin da 'yan kai tana riƙe da talakawa a ɗakunan da aka haife su. Shekara takwas bayan haka, cikin watan Yuli, aka saka tsohon birnin a jerin wuraren tarihi na duniya. A tsakanin waɗannan ranaku biyu masu gidaje suka gano cewa bangon da suke jin kunyar tsufansa dukiya ne, kuma mutanen da ke kwana a bayansa su ne kaɗai cikas. Aka kwashe teloli da masu gyaran agogo da tsofaffin 'yan dako, aka zuba baƙi masu ɗaukar hoton tagogi.

Wannan ne ya sa ake yabon Haji Kamarudin. Yana da ɗan gidan bene a wani lungu bayan masallacin Lebuh Acheh, wanda ko makaho ya shafa bangonsa zai ce hayarsa ta kai ringgit dubu biyu da ɗari biyu na kuɗin ƙasar a wata, amma ya bar ƙanwarsa Sapiah a ciki a kan ɗari huɗu. Shi mutum ne da ba ya son a san alherinsa, don haka ba ya maganar sai a wurin ɗaurin aure, da wurin ta'aziyya, da bayan sallar Juma'a, da duk inda mutum uku suka tsaya. Abin da yake mantawa ya ƙara shi ne gidan na mahaifinsu ne, kuma kashi ɗaya cikin uku na Sapiah ne ta hanyar gado, har ranar da ta sa hannu ta bar masa bisa alkawarin za ta zauna a ciki iyakar ranta. Sallamawar a gaban lauya aka rubuta ta. Alkawarin kuwa a kan tabarma aka yi shi, da baki.

Sapiah tana da shekara hamsin da tara. Mijinta ya yi shekara ashirin da shida yana aiki a jirgin fito mai tsallakawa Butterworth, ya rasu bai bar ɗa ba. Kullum tana dafa nasi lemak, shinkafa da madarar kwakwa, ta ƙunsa a ganyen ayaba da yaji da ƙananan busassun kifi, ƙunshi sittin, ta kai shagon kofi na ƙawarta Bee Lian a bakin lungu. Da wannan, da tallafin ringgit ɗari uku da hamsin da ofishin jin daɗin jama'a ke ba ta a matsayin gwauruwa marar mai ɗauke da ita, take biyan haya ta ci abinci, ba ta roƙi kowa ba.

Cikin Janairun 2017 Haji ya zo da ledar lemu a hannu, da surukinsa Shukri a baya. Shukri akanta ne, mijin babbar 'yarsa, kuma ba ya zuwa ko'ina ba tare da jakar takardu ba.

"Piah, kin ga yadda kika murje kuwa?" in ji Haji yana zama a kujerar marigayi mahaifinsu. "Gidan nan yana karɓarki."

"Alhamdulillahi, Abang Long. Bari in ɗora shayi," in ji Sapiah, wadda haka take kiran babban yayanta.

"Bar shayin. Yaron nan yana da 'yar magana, ba ta kai ta shayi ba."

Shukri, wanda yake kiran Haji Abah kamar 'ya'yan gidan, yake kiran Sapiah Mak Su, wato ƙaramar goggo, ya gyara zama. "Mak Su, matsalar ita ce ofishin haraji bai san zumunci ba. In mutum ya ba ɗan'uwansa haya da arha, suna iya cewa ba su yarda da wannan farashin ba, su lissafa masa da na kasuwa. Sannan kuɗin gyare-gyaren gidan nan da Abah yake cirewa daga harajinsa, suna iya ƙin karɓa."

Sapiah ta ɗaga kai ta dubi katakon sama, wanda rabonsa da fenti tun auren Shukrin kansa.

"Wane gyara, ɗana?"

Haji ya yi tari. "Gyara dai. Gida ai ba ya rasa gyara."

Gaskiya ya faɗa. An yi gyara mai kyau a shekarar da ta wuce, an sa tayil, an sabunta ɗakin girki, an canja rufi. Sai dai a gidan Haji na Gelugor aka yi aikin, rasitan ne kawai suka ɓace hanya suka ɗauko adireshin wannan lungu.

Shukri ya shimfiɗa shirin dalla-dalla. Za a rubuta sabuwar yarjejeniya da ke cewa hayar dubu biyu da ɗari biyu ce, a buga mata hatimi. Kowane farkon wata Haji zai ba Mak Su dubu ɗaya da ɗari takwas a ambulan, ta haɗa da ɗari huɗunta, ta zuba a asusunta na banki, ta tura wa Haji gaba ɗaya. Banki zai ga cikakkiyar haya, ofishin haraji zai ga cikakkiyar haya, ita kuwa ba abin da ya ƙaru a kanta.

"Kuɗina ne zai je ya sha iska a wurinki ya dawo," in ji Haji yana dariya. "Ke ce ma za ki yi suna. A banki za su riƙa miƙe miki in kin shiga."

Takardar shafi bakwai ce, da Turanci. Sapiah ta yi aji shida na makarantar Malay a zamanin da hakan ya ishi 'ya mace. Ta dubi yayanta, wanda ya goya ta zuwa kallon jirage a bakin teku suna yara, ta karɓi biron.

Washegari da ta kai shinkafa ta ba Bee Lian labari. Bee Lian ta ajiye butar kofi ta riƙe ƙugu.

"Ke Piah, kanki ɗaya kuwa? Ubana ya ce in ɗan'uwa ya zo da lemu ki ci, in ya zo da biro ki zauna a kan hannuwanki."

"Ya zo da duka biyun, Ah Lian."

"To lemun yana da zaƙi?"

"Da ɗan tsami."

"Kin ji ko."

Wata uku ambulan yana zuwa a kan kari. A na huɗu aka ce Haji ba shi da lokaci, ta je Gelugor ta karɓa. Ta shiga bas biyu, ta zauna a benci a barandar gidan, a kan tayil ɗin da a takarda nata ne, har matarsa Hajah Zaharah ta idar da wayar da take yi. A wata na biyar ta ƙirga kuɗin a gabansu, ta sake ƙirgawa, ta ga dubu ɗaya da ɗari biyar.

"Abang Long, kamar an yi kuskure. Babu ɗari uku."

"Babu kuskure, Piah. Zauna in fahimtar da ke, don na san lissafi ba fanninki ba ne. Yanzu gwamnati tana ganin ina karɓar dubu biyu da ɗari biyu. A kan wannan take yanka mini haraji. Ni kuwa nawa nake karɓa? Ɗari huɗu. Wato ni ke biyan harajin alherin da nake yi miki. Ki faɗa mini tsakaninki da Allah, wannan adalci ne?"

"To a koma yadda ake a da mana."

"A koma? An buga hatimi! Ke kina tsammanin takardar gwamnati ganyen ayaba ce, a kwance a sake ƙunsawa?"

Hajah Zaharah ta sa baki daga ƙofa, murya a sanyaye. "Piah, ɗari bakwai a tsakiyar George Town ai kyauta ce. Wasu ko ɗakin ajiye kaya ba za su samu da haka ba. Mu dai ba ma son godiya, amma mutum ya riƙa tunawa."

Sapiah ta tuna. Ta ƙara ƙunshi ashirin a kan sittin, ta rage kifin da take sa wa kowanne, ta daina sayen maganin gwiwa.

Cikin Yuli lokacin sabunta tallafi ya zo. Ƙa'idar ofishin ita ce a kawo takardar haya da takardar banki ta wata shida. Ma'aikaciyar yarinya ce mai ladabi, mai kiran manyan mata Mak Cik, wato Inna. Ta duba shafi na farko, ta duba na biyu, ta cire tabarau.

"Mak Cik, a nan an nuna kina zuba sama da dubu biyu a banki kowane wata, kina biyan haya dubu biyu da ɗari biyu. Ni kaina albashina ba zai iya zama a wannan gida ba."

"Ba kuɗina ba ne, 'yata. Na yayana ne. Yana ba ni in mayar masa."

"Don me?"

Sapiah ta buɗe baki, sai ta ga amsar za ta iya kai yayanta gaban alƙali, ta rufe.

"To ga abin da za a yi," in ji yarinyar. "Ya rubuto mana wasiƙa da sa hannunsa cewa ainihin hayar ɗari huɗu ce, sauran nasa ne. In na samu wannan zan iya kare ki. In babu, takarda ce a gabana, ba ni da ikon ƙaryata ta."

Ta sami Haji yana shayar da furanninsa. Da ya ji buƙatar sai ya saki tiyon ruwa a ƙasa.

"In rubuta da hannuna cewa na yi wa gwamnati ƙarya? Piah, so kike a ɗaure ni? Ni, uwa ɗaya uba ɗaya? Bayan duk abin da na yi?"

"Za su yanke mini tallafin, Abang Long."

"Wanda ya ba su ikon bayarwa ai yana nan. In Ya rufe wata ƙofa zai buɗe wata." Ya ɗauki tiyon, muryarsa ta yi laushi irin ta masu wa'azi. "Kin san talakawa masu haƙuri za su riga mu shiga Aljanna da shekara ɗari biyar? Wallahi wani lokaci har kishinki nake yi."

Bai nemi su yi musanya ba. A watan Agusta tallafin ya tsaya. Sapiah ta kai munduwar zinariyar mahaifiyarsu jingina, wadda ita ce kaɗai abin gadon da ba a buƙaci ta sa hannu a kansa ba.

Duk wanda yake tsibirin a ranakun huɗu da biyar ga Nuwamba na wannan shekara bai manta ruwan da aka yi ba, da iskar da ta tumɓuke itatuwan da suka girmi 'yancin kan ƙasar. A lungun Sapiah ruwa ya kai gwiwa. Ya jiƙa buhun shinkafa biyu, ya kashe murhun gas, iska kuma ta yaye wani ɓangare na rufin, har tana iya ganin hasumiyar masallaci daga kan gadonta. Da ruwa ya janye Haji ya aiko Shukri ya duba. Shukri ya tsaya a tsakiyar ɗakin sama, ya ɗaga kai, ya yi tsaki irin na tausayi.

"Gaskiya ya yi muni, Mak Su."

"Yaushe za a turo masu gyara?"

Ya sosa ƙeya. "Nan ne gizo ke saƙa. A takarda an riga an canja rufin nan bara, gaba ɗayansa, dubu ashirin da takwas. In muka sake shigar da gyaran rufi bana, za su tambaya wane irin rufi ne wannan da bai yi shekara biyu ba. Suna iya turo mutum ya gani."

"To a gyara ba tare da an shigar ba."

Shukri ya dube ta kamar ta yi saɓo. "A kashe kuɗi ba a cire daga haraji ba? Haba, Mak Su. Abah ba zai taɓa yarda ba. Ki ɗan lallaɓa zuwa shekara mai zuwa."

Mako uku ba ta yi girki ba. Tana kwana a ƙasa, kan teburin da take ƙunsa shinkafa, tari ya kama ta bai sake ta ba. Da ambulan ɗin Disamba ya zo, ta zare ɗari huɗu daga ciki ta sayi tamfol da murhu na hannu, da niyyar cikawa in ciniki ya dawo. A wannan wata banki bai ga cikakkiyar haya ba.

Haji ya zo da kansa, ba lemu. Ya ƙi zama.

"Amana na ba ki, Piah. Kuɗin da na ce ki riƙe mini na kwana ɗaya kika sa hannu a ciki. Marigayi Bapak, mahaifinmu, da yana raye da kunya ta kashe shi."

"Ruwa yana zuba a kaina, Abang Long."

"Ruwa ya zuba a kan kowa! Ni ma motata sai da aka canja mata kujeru. Na saci kuɗin wani?" Ya girgiza kai da baƙin cikin mutumin da aka ci amanarsa. "Daga yau babu ambulan. Ba zan riƙa jefa ki cikin zunubi da hannuna ba."

Da ambulan ya tsaya, abin da ya rage tsakaninsu shi ne shafi bakwai na Turanci. Sapiah ta ci gaba da tura ɗari huɗu in ta samu, ɗari biyu in ba ta samu ba, kamar mai zuba ruwa a kwando. Cikin Fabrairu ɗan aike ya kawo wasiƙar lauya. Bee Lian ta sa tabarau ta karanta mata a bayan kanta, tana fassarawa, fuskarta tana ƙara ja da kowane layi. Ana bin Sapiah bashin haya dubu shida da ɗari shida, kuɗin wata uku cif, kamar ba ta tura komai ba.

"Shida da ɗari shida! Piah, ashe ke babbar attajira ce kike zuwa nan kina shan kofina kyauta?"

"Ya ce don fayil ne kawai."

"Wa ya ce?"

"Na buga masa waya. Ya ce dole a nuna wa ofishin haraji cewa ya nemi kuɗinsa bai samu ba, in ba haka ba za su ce ya karɓa ya ɓoye. Ya ce in sa ta ƙarƙashin matashi in manta."

"To ki sa. Ta biyun in ta zo ki sa a ƙarƙashin ɗaya matashin. Ta ukun ba za ki sami inda za ki sa ba, don gadon zai kasance a titi."

Ba a kai ga ta uku ba. Ta biyun ta ce ta bar gidan kafin ƙarshen Afrilu. A makon da ta iso wasu mutum biyu masu tsabtar takalma suka zo da tef ɗin awo, suka yi sallama da ladabi, suka auna ɗakin girkinta tana tsaye a ciki. Ɗaya ya shafa tsohon katakon matakala ya ce wa ɗan'uwansa baƙi za su so wannan ƙwarai, kada a taɓa shi. Kamfanin masaukin baƙi ne, kuma sun yi tayin dubu biyar a wata, gyaran rufi a kansu.

Ta je Gelugor karo na ƙarshe. Haji ya karɓe ta a falo, abin da bai saba ba, har aka kawo mata shayi a kofin baƙi.

"Ki shaida, Piah, ba ni na kore ki ba. Doka ce ta shiga tsakaninmu. Shekara nawa na riƙe ki? Mutane suna cewa Haji ka yi hauka, gida kamar wannan a ɗari huɗu? Ina cewa jinina ce. Amma abin ya fi ƙarfina. Lauya ya ce in na bar mai bashi a ciki, ni za a tuhuma."

"Ka ce zan zauna iyakar raina. A kan tabarmar Bapak ka faɗa."

"Na faɗa, kuma da zuciya ɗaya. Amma a lokacin wa ya san yadda haraji zai koma? Ko malamai sun ce hukunci yana canjawa in zamani ya canja."

Hajah Zaharah ta matso da farantin biskit. "Mu ba za mu bar ki a titi ba, Piah. Ga ɗakin bayan kicin, tun da yarinyar aikinmu ta koma Medan babu kowa a ciki. Ba haya, ba takarda. Sai dai ki ɗan riƙa taimakawa da girki da jikoki, don kada zaman ya gundure ki."

Sapiah ta dubi shayin, ta ajiye shi bai taɓa leɓenta ba. Ta ce ta gode, za ta yi shawara.

Bee Lian ce ta samo mata ɗaki a dogayen benayen Air Itam, wurin wata 'yar'uwar Bee Lian ɗin da 'ya'yanta suka watse, ringgit ɗari uku, hawa na goma sha ɗaya. Ba a ƙunsa shinkafa tamanin a ɗaki mai faɗin tabarma biyu, don haka sana'ar shekara ashirin ta mutu a ranar tashi. Ta sami aikin wanke kwanuka a wata rumfar abinci a kasuwar ƙasan benen. Ranar talatin ga Afrilu Shukri ya zo karɓar makulli, ya ƙirga tagogi, ya tabbatar ba ta tafi da ko ɗaya ba. Cikin 'ya'yan Haji biyar babu wanda ya zo ɗaukar kaya, domin duk ranar aiki ce.

Ƙaramar Sallah ta faɗo ranar Juma'a, goma sha biyar ga Yunin 2018. Al'adar mutanen tsibirin a wannan rana sananniya ce. Bayan an sauko daga idi babba a gida yakan zauna a kujera, na ƙasa da shi su zo ɗaya bayan ɗaya bisa tsarin shekaru, su durƙusa, su kama hannunsa su kai goshi, su nemi gafarar abin da ya bayyana da abin da ya ɓoyu, su roƙi a halatta musu abin da suka ci da abin da suka sha. Shi ma sai ya roƙi haka, a amsa masa da an halatta. Yawanci ana yin wannan da sauri, hawaye kaɗan, don abinci yana hucewa. Amma bana Haji yana shirin tafiya aikin hajji karo na uku cikin wata mai zuwa, kuma likita ya riga ya yi masa magana a kan zuciyarsa, saboda haka ya aika musamman a ɗauko Sapiah da mota.

Gidan ya cika. 'Ya'ya, surukai, jikoki, kowane iyali da launin tufafinsa. Hajah Zaharah ta fara, sannan aka ce Mak Su. Sapiah ta dafa hannun kujera ta sauka a kan gwiwar da ta shekara ba magani, ta kama hannun yayanta ta kai goshi.

"Abang Long, ka yafe mini abin da na yi maka, na fili da na ɓoye. Ka halatta mini abin da na ci da abin da na sha."

"Na yafe miki, Piah," in ji shi da murya mai ƙarfi yadda na baranda za su ji. "Duniya da lahira. Har bashin nan na haya, dubu shida da ɗari shida, na yafe. Ku shaida."

Aka yi ta kabbara ƙasa-ƙasa. Wata suruka ta share ido. Sannan Haji ya ƙara, da saurin mai karanta abin da ya haddace:

"Ni ma ki yafe mini, ki halatta mini abin da na ci naki."

Sapiah ba ta saki hannunsa ba. Ta ɗago kai.

"Abin da ka ci a kwanona tun muna yara har yau, na halatta maka, Abang Long. Shayina da shinkafata, na halatta. Rabona na gidan Bapak ban halatta ba."

Ba wanda ya motsa. Hajah Zaharah ce ta fara farfaɗowa, ta yi 'yar dariya.

"Kai, Mak Su da barkwanci! Ku kawo mata ketupat, dunƙulen shinkafar Sallah, yunwa ce."

"Ba wasa nake ba, Kak Zah."

Haji ya sunkuyo, wannan karon da muryar da na baranda ba za su ji ba.

"Piah, tafiya zan yi. Kin san lafiyata. In na mutu a can fa?"

"To sai ka riga ni isa wurin Bapak, ka yi masa bayanin harajin nan da kanka. Ni dai har yau ban gane shi ba."

Ta saki hannun, ta dafa kujera ta miƙe da ƙyar. Shukri, wanda shi ne na gaba a layi, ya matsa ya ba ta hanya, bai ɗaga ido ba. Ba ta jira motar ba. Ta taka zuwa tashar bas cikin kayan sallarta na shekara huɗu.

Kafin la'asar dangi sun gama zama a kan maganar, kuma hukuncinsu bai rabu biyu ba. Mak Su ta ɓata wa mutane Sallah. Tsufa ya fara taɓa ta. Rashin haihuwa yana sa zuciya ta bushe. Mutum ya riƙe ka shekara da shekaru a ɗari huɗu, ya yafe maka dubu shida a gaban jama'a, ka saka masa da wannan? Wani ƙanin Hajah ya ce darasin a fili yake, kada ka kuskura ka ba ɗan'uwa haya da arha, don ga gwamnati za ta ci ka, ga shi kuma zai zage ka. Kowa ya yarda wannan magana ce ta hikima, wasu ma sun ce za su faɗa wa 'ya'yansu. Ba wanda ya tambayi nawa ne kashi ɗaya cikin uku na dubu biyar, ko da yake akwai akanta a ɗakin.

Haji dai maganar ta tsaya masa a wuya. Ya tambayi malamai uku ko hajji yana wanke hakkin wanda ya ƙi yafewa, duka ukun suka ce a'a, sai a mayar wa mai hakki hakkinsa. Ya gode musu, ya ce amma lamarin nasa yana da sarƙaƙiya ta fuskar doka wadda ba lallai su gane ba. Ana saura kwana uku ya tashi, ya sami mafita da kansa. Ya je wani gidan marayu ya ba da sadakar ringgit dubu goma, ya ce wa shugaban gidan, hawaye a idonsa, a sa yaran su yi addu'a, ladan duka na ƙanwarsa Sapiah ne, ko Allah zai tausasa zuciyarta.

Shugaban ya ɗauko littafin rasit, ya tambaya ko da sunanta za a rubuta.

Haji ya dubi Shukri. Shukri ya girgiza kai kaɗan, don irin wannan sadaka ana cire ta daga haraji.

"A'a," in ji Haji yana share ido. "Ladan ne nata. Rasit ɗin a sa sunana."